Macen da Ta Baro Gida: Daga Kogin Tumen zuwa Tashar Krofrom

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na lafiyar iyali da ke zuwa muku daga nan Krofrom a birnin Kumasi. Ina gaida iyayenmu mata na Aboabo da Asawase da Sawaba da Yalwa da Alabar da Moshi Zongo da Tafo. Ina gaida malamanmu da sarakunanmu, da direbobi da 'yan kamasho da ke jin mu a tasha. Maganar yau ta manya ce, domin ta shafi jikin mace da abin da ke samun sa idan ta baro gida ba shiri. Wadda take tare da ƙananan yara ta san yadda za ta yi. Zan kira abubuwa da sunansu cikin ladabi, saboda kunyar faɗinsu ta riga ta ci mana rayuka da yawa.

Zan soma da ɗaukar ku zuwa wata ƙasa mai nisa, can gabashin duniya, kafin mu dawo gida.

Koriya ƙasa ɗaya ce da aka raba biyu a 1945, sannan aka gwabza yaƙi tsakanin ɓangarorin daga 1950 zuwa 1953. Tun daga nan aka shata wani zirin ƙasa mai faɗin kilomita 4 a tsakaninsu, aka cika shi da sojoji da nakiyoyi. A Koriya ta Arewa, fita daga ƙasar ba da izini ba babban laifi ne. A tsakiyar shekarun 1990 yunwa ta auka wa ƙasar, mutane masu ɗimbin yawa suka mutu, sai jama'a suka fara tsallaka kogin Tumen da kogin Yalu da dare suna shiga ƙasar Sin. Daga cikinsu, waɗanda suka samu isa Koriya ta Kudu zuwa yanzu sun kai kimanin 34,000. A 2009 kaɗai mutum 2,914 suka isa. Da aka rufe iyakoki saboda korona, sai adadin ya faɗi zuwa 63 a 2021. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a cikin kowane mutum goma da suka isa, bakwai mata ne.

Me ya sa mata suka fi yawa? A can, namiji yana ɗaure da wurin aikin da hukuma ta ba shi, idan bai je ba za a neme shi. Matar aure kuwa ita ke fita kasuwa ta nemo abin da za a ci, ita ta san hanya, ita ta san masu fasa-ƙwauri. Akwai kuma dalili mai ɗaci. A ƙauyukan arewa maso gabashin Sin akwai maza da yawa da ba su samu matan aure ba, don haka dillalai suka mai da matan Koriya haja. Za a ce wa yarinya ga aiki a gidan abinci, tana tsallaka kogi sai a sayar da ita ga mutumin da ba ta taɓa gani ba, ba ta jin yarensa, ba ta da ikon ce masa a'a. Wasu kuma a kulle su a gidajen karuwai.

Hukumomin Sin ba su ɗaukar waɗannan mata a matsayin 'yan gudun hijira. A wurinsu baƙin haure ne, wadda aka kama mayar da ita ake yi. To ku duba halin da mace take shiga. Tana da ciki, amma ba za ta je awo ba, domin a asibiti za a tambayi takarda. An yi mata duka ko fyaɗe, ba za ta je wurin 'yan sanda ba, domin ita za a fara kamawa. Tana fama da ciwon sanyi shekara da shekaru, sai dai ta daure. Ta haihu, sau da yawa yi wa jaririn rajista zai tona asirin uwar, sai yaro ya tashi ba takarda, makaranta da asibiti su yi masa wuya. Wadda aka mayar gida kuwa, kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin alƙali Michael Kirby ya ba da rahoto a 2014 cewa ana tilasta wa matan da aka mayar da juna biyu zubar da cikin a wuraren tsare mutane, saboda zargin uban ɗan ƙasar Sin ne.

Wadda Allah ya kuɓutar, takan ratsa ƙasar Sin a ɓoye, ta bi ta Laos ko makwabtanta har Tailan, tafiyar dubban kilomita, kafin a kai ta Koriya ta Kudu. A nan ne abin da ya sa na kawo muku wannan labari yake. Tun 1999 gwamnatin Koriya ta Kudu ta buɗe wani gida da ake kira Hanawon a garin Anseong. Duk wanda ya iso, bayan an tantance shi, yakan zauna a irin wannan gida mako 12. Likitoci su duba shi, mace ta ga likitan mata, a zauna da ita a kan abin da ke damun zuciyarta, a koya mata yadda ake mu'amala da banki da asibiti da neman aiki. Ta fito da takardar zama 'yar ƙasa, da tallafin wurin zama, da damar zuwa asibiti.

Kada ku ɗauka da wannan komai ya warware. Likitocin da ke duba su suna samun matan da aka sa wa robar mahaifa tun a gida, ta shekara da shekaru a ciki ba a taɓa dubawa ba. Suna samun waɗanda ba a taɓa yi wa gwajin sankarar bakin mahaifa ba. Suna samun masu firgita cikin barci, da masu ciwon damuwa, da waɗanda suka baro 'ya'ya a Sin hankalinsu na can. Kuma da yawa ba su faɗa wa likita gaskiyar abin da ya same su a hanya, saboda tsoron a ce musu waɗanda aka sayar. Da sun buɗe baki karin harshensu ya nuna daga Arewa suke, wasu su fara yi musu kallon raini. Duk da haka akwai waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu, suka yi karatu, suka buɗe sana'a, suka tara kuɗi suka ɗauko 'ya'yansu. Idan aka duba abin da ya tsayar da su, ana ganin abubuwa suna maimaituwa: takardar da ta cire musu tsoron kamu, asibitin da ya karɓe su, da 'yan'uwa mata da suka riga su zuwa, waɗanda za su faɗa wa magana ba tare da an yi musu gori ba.

Jama'a, mu dawo Krofrom.

Duk wanda ya san tasharmu ya san motocin Bolga da Bawku da sauran garuruwan arewa a nan suke sauke fasinja, sau da yawa da asuba. Ku lura da waɗanda ke saukowa. Akwai 'yan mata, wasu ba su wuce shekara 13 ko 14 ba, daga yankunan Walewale da Nalerigu da Gambaga, wasu daga Savelugu da Tolon da Karaga da Gushegu, kowace da ƙullin kayanta. Kwana biyu za ka gan su a Kejetia ko Adum ko Racecourse da babban kwano a kai, sun zama 'yan kaya, waɗanda ake kira kayayo, a nan Kumasi kuma a ce musu paa-o-paa. Ban ce halinsu ɗaya da na matan Koriya ba. Su 'yan ƙasa ne, ba wanda zai ɗaure su don sun bar garinsu, kuma da yawa sukan koma gida lokacin damina ko salla. Amma ku tambayi abin da ya fito da su. Wata talauci ne, gona ba ta ciyar da gida. Wata ta zo tara kuɗin kayan ɗaki. Wata auren dole ta guje wa, ta san idan ta koma za a mai da ita ɗakin da ta tsere daga gare shi. Wata rikici ne ya kore ta, kamar yadda yaƙin Konkomba da Nanumba na 1994 ya watso mutane kudu, kamar yadda rikicin Bawku ke ta raba iyalai da gidajensu.

Akwai kuma waɗanda suka tsallako iyaka. 'Yan bindiga sun koro dubban mutane daga Burkina Faso, galibinsu mata da yara, har aka buɗe musu matsuguni a Tarikom da ke gundumar Bawku ta Yamma, da Zini a jihar Upper West. A watan Yulin 2023 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna damuwa a kan rahotannin mayar da ɗaruruwan 'yan Burkina gida, akasarinsu mata da yara, gwamnati kuma ta ce aikin tantancewa ne na tsaro. Ko ma yaya aka yi, macen da ta ji wannan labari ta koyi darasi guda: ta ɓuya. Ga kuma 'yan'uwanmu mata daga Nijar da muke gani da goyo a bakin titi. Mace mai tsoron a kama ta ba ta zuwa awo, ko a Sin take ko a Kumasi.

Mu mutanen Zongo bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Kakanninmu baƙi ne, fataken goro da malamai da sojoji da masu neman abinci, daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da ƙasar Moshi da Zabarma. Dattawanmu ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, mata masu ciki da masu jego suka hau manyan motoci ba su san inda za su sauka ba. Ba su manta 1983 ba, da Najeriya ta koro 'yan Gana kusan miliyan guda. Malamanmu kuma suna karantar da mu cewa Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara musu yarda, da tsohon ciki ta yi hijira daga Makka, ta haifi Abdullahi ɗan Zubairu a Ƙuba. Macen da ke kan hanya da ciki ba baƙuwar tarihinmu ba ce.

To ina yarinyar da ta sauka a tasha take kwana? Masu sa'a suna haɗa kuɗi su kama ɗakin katako a Dagomba Line ko wani lungu a Aboabo, su goma ko fiye a ɗaki ɗaya. Marasa sa'a suna shimfiɗa kwali a barandar shago bayan an tashi kasuwa. Wanka da kuɗi, bayan gida da kuɗi. Idan al'ada ta zo, ƙunzugun kanti ya fi ƙarfin abin da ta samu ranar, sai tsumma, kuma ba inda za ta wanke ta shanya a asirce. Daga nan ƙaiƙayi da ciwon mara suke farawa. Da dare kuwa, wadda ke kwance a baranda ba ta da ƙofar da za ta kulle. Akwai mazan da suka san haka, suna zagayawa. Akwai kuma wanda zai zo da fuskar taimako, ya ce zo ki kwana a shagona, ni zan kare ki, alhali kowa ya san kuɗin hayar da zai karɓa. Wannan ba soyayya ba ce, cin zali ne, kuma idan yarinyar ba ta kai shekara 16 ba, dokar Gana ta ɗauke shi babban laifi ko da ya ce da yardarta.

Bayan wata biyu ko uku sai ciki ya bayyana. Binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya nuna kashi 15 cikin 100 na 'yan matan Gana masu shekara 15 zuwa 19 sun taɓa ɗaukar ciki. Binciken lafiyar mata masu haihuwa na 2017 kuma ya nuna a cikin kowace haihuwa 100,000, uwa 310 ke rasa ranta. Yarinyar da ke ɗaukar buhun albasa a kai da cikin wata bakwai, ba awo, ba maganin ƙarin jini, ba gidan sauro, tana sahun gaba a cikin waɗanda wannan lissafi ke magana a kansu.

Yanzu ina so iyayena mata su matso kusa da rediyo, musamman magajiyoyi da masu sayar da koko da waake da tuwo a bakin tasha, domin ku ne mutum na farko da baƙuwa ke yi wa magana. Mu ba mu da Hanawon. Abin da muke da shi ku ne.

Idan yarinya ta zo miki tana kuka ta ce an yi mata fyaɗe, kada ki fara da tambayar me ya kai ta can. Ki duba lokaci. Akwai maganin da ke hana ƙwayar cutar HIV kama jiki, amma dole a fara shan sa cikin awa 72, wato kwana uku, kuma a sha har kwana 28. Akwai ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, ita ma ta fi aiki cikin waɗannan kwana uku, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon amfaninta. Wannan ƙwaya ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, hana shi shiga take yi. Idan zai yiwu kada ta yi wanka, kada a wanke tufafin, a sa su a takarda a tafi da su. A je asibiti, a je ofishin DOVVSU, sashen 'yan sanda da ke kula da cin zarafin mata da yara, su ba da takardar da likita zai cike. Na san a wurare da dama ana neman kuɗi kafin a cike wannan takarda, kuma kuɗin kan sa talaka ya janye ƙara, alhali dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2007 ta yi tanadin magani kyauta ga wadda aka zalunta. Ra'ayina a nan a fili yake: wannan kuɗi bai kamata ya fito daga kwanon 'yar kaya ba. Kafin hukuma ta gyara, asusun masallaci da adashin mata su ɗauke shi. Kuma don Allah a daina sasantawa a zaure, a karɓi 'yan kuɗi a ce a rufa asiri. Asirin wa aka rufa? Wanda ya yi, gobe wata zai nema.

Idan kuma ciki ne, ki sani tun watan Yulin 2008 mace mai ciki a Gana ba ta biyan kuɗin shiga inshorar lafiya ta NHIS, kuma ba ta zaman jira kafin katinta ya fara aiki. Da shaidar ciki daga asibiti za a yi mata rajista, awo da haihuwa da duba ta bayan haihuwa duk suna ciki. Wadda katinta ya mutu tana iya sabunta shi a waya ta lambar *929#. Yawancin yaran nan ba su san da wannan ba, wasu kuma sun baro katin a ƙauye. Asibitin Tafo yana kusa da mu, ga na Manhyia, ga asibitin mata da yara na Pampaso dab da Kejetia inda suke aiki, ga Suntreso, idan abu ya yi tsanani a tura Komfo Anokye. A wurin awo za a auna hawan jini, a duba jininta, a ba ta maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, a yi mata allurar tetanus, a gwada HIV da tunjere da ciwon hanta. Ko an samu HIV, akwai maganin da ke kare jariri, kuma kyauta ne. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. Idan baƙuwar daga wata ƙasa take, kada ki yanke mata hukunci da kanki cewa ba za a karɓe ta ba. Ki raka ta a tambaya, kuma wadda yaƙi ya koro tana da haƙƙin neman rajista a Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Gana.

Na ce ki raka ta, kuma da gangan na faɗa. Yarinyar da Dagbani ko Mampruli ko Kusaal ko Fulatanci kawai take ji, idan ta shiga asibiti aka yi mata magana da Twi ko Turanci, aka ɗaga mata murya sau ɗaya, ba za ta sake komawa ba. Ga kuma asarar cinikin yini guda a layi. Ke ce gadar da ke tsakaninta da nas. Safiya ɗaya da za ki ba ta na iya zama sanadin rayuwar mutum biyu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ku riƙe alamomin da ba a jira da su: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ba naƙuda, ko jariri ya daina motsi. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba a haihu ba, a tafi asibiti, a kira 112 idan ba mota. Doguwar naƙuda ce ke kawo yoyon fitsari, musamman ga yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba. Wadda ta riga ta samu wannan lalura kada a ware ta, ana yin aikin gyara shi a Tamale da Mankessim, kuma mata da yawa sun warke.

Akwai maganar da ta fi kowace nauyi, amma ba zan tsallake ta ba. Yarinyar da ta ga ciki, ta tuna gida, ta tuna abin da za a ce, takan nemi hanyar ɓoye. Wata ta sha jiƙe-jiƙe, wata ta sayi ƙwayoyin da ba ta san adadinsu ba, wata har dakakkiyar kwalba. Hukuncin addini a kan zubar da ciki na malamai ne, su za a tambaya, ni ba mai fatawa ba ce. Abin da zan faɗa shi ne abin da dokar ƙasa ta ce tun 1985: likita a asibitin da aka amince da shi yana iya yin sa idan cikin na fyaɗe ne, ko na muharrami, ko yana barazana ga rai ko lafiyar uwa, ko jaririn na da mummunar nakasa. Sannan duk wadda kuka samu tana zubar da jini ko tana zazzaɓi bayan ɓari, ko da kanta ta jawo, a garzaya da ita asibiti nan take. Ceton rai ke gaba, nasiha ta biyo baya.

Ga matan aure da ke cikinsu, waɗanda ke ɗaukar kaya da goyo a baya da wani cikin a gaba, tazarar haihuwa hutu ce ga jiki. Tun 2022 an sa allura da ashanar fata da robar mahaifa cikin abin da katin NHIS ke biya. A je da maigida a ji bayani. Wadda aka sa wa roba ta riƙe ranar da za a cire ko a canza, kada a mance da ita a ciki kamar yadda ya faru ga matan Koriya. Ciwon sanyi kuma, idan ba a yi wa miji da mata magani tare ba, dawowa yake yi, kuma shi ne ke toshe hanyar haihuwa daga baya, a zo ana zargin aljanu ko kishiya.

Sau da yawa nakan ji ana yaba wa yaran nan. A ce kai, 'yan arewan nan akwai juriya, akwai haƙuri. Gaskiya ne. Yarinyar da ke tashi kafin kiran assalatu, ta ɗauki kayan da ya kusa nauyinta, ta zuba adashi kullum, ta aika wa uwarta kuɗi, ta sayi keken ɗinki, ba wanda zai koya mata juriya. Suna da shugabanninsu a tsakaninsu, suna haɗa kuɗi idan ɗaya ta kwanta ciwo, suna raka gawar 'yar'uwarsu har gida. Amma ina jin tsoron wannan yabo, domin sau da yawa da shi muke sallamar su. Mun ce tana da haƙuri, shi ke nan mun huta, ba sai mun tambayi inda take kwana ba. Matan Koriya da suka tsaya da ƙafafunsu ba su fi namu ƙarfin zuciya ba. An ba su ɗaki mai ƙofa, an ba su kati, an ba su likita da mai sauraro. Haƙurin da ba a tallafa masa ba yakan koma ciwo: rashin barci, faɗuwar gaba, yawan kuka, mutum ya daina magana. Wannan ma ciwo ne da ake magani, akwai ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin gwamnati, kuma zuwa wurinsu ba hauka ba ne. A haɗa da addu'a, kada a ce addu'a ta hana zuwa.

Kuma a daina gori. Wadda aka yi wa fyaɗe ba 'yar iska ba ce. Wadda dillali ya yaudara ya kai ta Libiya ko ƙasashen Larabawa aikatau ta dawo da ciki ko da ciwo, ba ita ta yi laifi ba, dokar hana fataucin mutane ta 2005 dillalin take nema. Duk ranar da muka yi wa ɗaya gori a bainar jama'a, mun rufe bakin goma da ke sauraro.

Ina kira ga Sarkin Zongo da sarakunan ƙabilu da limamanmu na Juma'a, ku sa wannan magana a huɗuba da zaman fada, kuma ku ja kunnen iyaye a kan aurar da yarinya kafin shekara 18, abin da dokar yara ta 1998 ta hana, domin shi ne ke koro da yawa daga cikinsu. Shugabannin tasha da 'yan kamasho, ku kuke fara ganin yarinyar da ta sauko ita kaɗai, ku haɗa ta da magajiya kafin wani ya riga ku. Masu gidaje, ɗaki ɗaya mai sakata da za a ba su haya da rahusa sadaka ce mai gudana. Hukumar birnin Kumasi da 'yan majalisarmu, kasuwar Krofrom da aka soma tun 2007 ta shafe shekaru tana jiran a kammala ta. Muna roƙo a ware wa matan da za su ɗauki kayan cikinta wurin kwana mai tsaro, da banɗaki, da ɗakin awo, da inda za su ajiye 'ya'yansu.

Ke kuma ƙanwata, 'yata, da kike jin mu a rediyon wani shago ko a wayar ƙawarki: abin da aka yi miki da ƙarfi ba laifinki ba ne. Idan abin bai wuce kwana uku ba, ki tashi yanzu ki je asibiti. Idan ya wuce, ki je duk da haka, akwai sauran abin da za a yi miki. Idan kina da ciki, awo kyauta ne. Idan kina tsoron zuwa ke kaɗai, ki nemi uwa ɗaya a cikin matan unguwa ki ce ta raka ki.

A nan za mu dakata sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wadda ta ji wannan shiri, ta fassara wa wadda ba ta jin Hausa.